Fitilun tsohuwar a-kori-kurata sun dushe, wace iri zan saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar a-kori-kura ƙirar Japan ta farkon shekarun 1990, da ita nake dakon kaya ina riƙe iyalina, kuma yawancin tafiyata ta dare ce ko ta asuba. Injinta lafiya lau yake, amma fitilun gaba sun dushe har haskensu ya koma jaja-jaja. Kwanan baya saura ƙiris in afka wa wata mota da ta lalace a gefen hanya, domin ban hango ta ba sai da na zo daf da ita. Ƙanena ya dage in sayi fararen ƙwayaye na LED, wani abokin sana'a ya ce in sa ƙwai mai wat 100, mai gyaran waya kuma ya ce fitilun gaba ɗaya za a canja. Kuɗina ba su kai in gwada duka ukun ba, ga shi yanzu tsoron tuƙin dare nake ji. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara tsarewa. Tsoron da kake ji yana da tushe, kuma gara ka riƙe shi har sai an gama gyaran. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa, saboda haka kafin ido ya gane abin da ya gani, ƙafa ta bar totur ta taka birki, an riga an shafe mita 30 ko fiye, sannan a fara maganar tsayar da mota mai lodi. Kafin ka sayi komai, ka rage gudu da dare zuwa iyakar abin da fitilunka suke nuna maka.

A cikin mashawartan nan uku mai gyaran waya ne ya fi kusa da gaskiya, amma shi ma ya tsallake mataki ɗaya. Hasken da ke sauka a kan hanya yana fitowa ne daga wutar da ke isa ga ƙwai, da kwanon fitila da gilashin da ke tattara hasken su jefa shi inda ya kamata, da kuma yadda aka saita fitilar, ƙwai kuwa shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a tuhuma a motar da ta haura shekara 30. Mutane suna farawa da shi ne kawai domin shi ya fi sauƙin cirewa.

Ka fara da awon wuta, domin kalmar nan da ka yi amfani da ita, jaja-jaja, ita ce alamar ƙwan da ba ya samun isasshiyar wuta. A tsofaffin motoci da yawa wutar fitila tana yin doguwar tafiya: ta tashi daga batir, ta bi ta akwatin fiyus, a wasu ta shiga har makunnin da ke jikin sitiyari, sannan ta dawo gaban mota ta cikin siririyar waya. Kowace mahaɗa da ta yi tsatsa tana cinye wani abu daga ciki. Ƙwan halojin, wato ƙwan mota na gama-gari mai zare a cikinsa, ba ya haƙuri da wannan ragi ko kaɗan, domin haskensa yana faɗuwa da sauri fiye da yadda wutar take faɗuwa. Idan ƙarfin wutar ya ragu da kashi 10 cikin 100, hasken yakan ragu da kusan kashi 30 cikin 100. Wato mutum zai iya rasa kusan sulusin haskensa alhali ƙwansa sabo ne fil.

Awon ba shi da wuya, kuma ka tsaya a yi shi a gabanka. A tayar da inji, a kunna fitilu, a ɗora mitar awon wuta a kan kawunan batir biyu. Idan altaneta, wato na'urar da ke caja batir, tana caji yadda ya kamata, za ka ga wani abu tsakanin bolt 13.5 da 14.5. Sannan, ba tare da an cire soket ba, a soka bakunan mitar ta bayan soket ɗin a kan ƙafafu biyu na zaren da ke ci, a karanta. Bambancin da ke tsakanin awon farko da na biyu shi ne wutar da ke salwanta a hanya. Idan bai kai rabin bolt ba, wayarka tana da lafiya. Idan ya kai bolt 1 ko ya wuce, to ka samo babban ɓangaren matsalarka. A maimaita awon a wutar kusa, wato dim, da wutar nesa, kuma a kowane gefe. Bayan haka a zare soket a duba cikinsa da kyau. Ƙarfe mai kore-kore, ko robar da ta yi launin ƙasa ta lanƙwashe saboda zafi, ko ƙafar da ke shiga sakwa-sakwa ba ta kamawa, duk suna nuna soket ɗin ya gama aiki. Haka nan a bi wayar da ke ɗaure a jikin mota, wadda wutar fitila ke komawa ta cikinta, a kwance notinta, a kankare tsatsar da ke ƙarƙashinsa har ƙarfe ya yi fari, a mayar a ɗaure tamau.

Maganin da ya fi ɗorewa shi ne a sa rile guda biyu, wato ɗan makunnin da ƙaramar wuta ke kunnawa domin ya buɗe wa babbar wuta hanya, ɗaya na wutar kusa ɗaya na wutar nesa, a ja sabuwar waya mai kauri, kamar mai murabba'in milimita 2.5, kai tsaye daga batir zuwa fitilu, tare da fiyus a kusa da batir ɗin. Daga nan tsohuwar wayar ba ta da sauran aiki sai kunna rile, wanda ba ya jan wutar kirki, kuma makunnin sitiyari ya huta. Akwai abin lura ɗaya da ya kamata ka tuna wa mai gyaranka. Tsofaffin motocin Toyota da yawa, da wasu sauran na Japan, ba ta ɓangaren wuta suke kunna fitila ba, ta ɓangaren da ke komawa jikin mota suke yi, don haka haɗaɗɗiyar wayar rile da aka yi wa sauran motoci takan rikice a jikinsu, wani lokaci ma ɗan shuɗin hasken da ke nuna wutar nesa a dashbod ya daina kamawa. Ana sayar da wadda aka yi musamman domin irin wannan tsari, gwanin waya kuma zai iya haɗa ta da hannunsa. Kada kuma a yarda a yi haɗin babu fiyus, domin waya mai kauri da ta taso daga batir idan ta goge ta taɓa ƙarfe, gobara ce.

Sai fitilar kanta. Wasiƙarka ba ta bayyana irin wadda ke jikin motar ba, kuma a shekarun da aka ƙera ta ana samun iri uku. Ka buɗe bonet ka leƙa bayan fitilar. Idan ka ga ƙafafu uku sun fito daga jikin gilashin kansa, babu murfin roba, babu ƙwan da za a zare, to rufaffiyar fitila ce, irin wadda ƙwai da kwano da gilashi duk abu ɗaya ne. Wannan tsari daga Amurka ya samo asali, inda aka wajabta zagayayyiyar fitila mai inci 7 tun 1940, aka yarda da masu kusurwa huɗu a tsakiyar shekarun 1970, ba a kuma buɗe ƙofa ga fitilun da ake canja wa ƙwai ba sai 1983. Abin da ya rage mana na alheri daga wannan doka shi ne girman fitilun ya zama bai-ɗaya. Mai zagaye milimita 178 ce, mai kusurwa huɗu da aka fi gani a a-kori-kura kuwa milimita 200 ce a faɗi da 142 a tsayi, ana kiranta H6054. Idan irin wannan ce a motarka, ka yi sa'a, domin kamfanonin da suka daɗe a sana'ar, irin su Hella da Koito da Cibié da Stanley, sun yi fitilu masu wannan girman daidai waɗanda ke ɗaukar ƙwan H4, wato ƙwan halojin mai zare biyu, na wutar kusa da na wutar nesa. Suna zama a mazaunin tsohuwar ba tare da an yanka komai ba, soket ɗin ma a mafi yawan lokuta yakan shiga yadda yake. Wannan ita ce shawarata ta farko gare ka, kuma ita nake ganin ta fi dacewa da mai neman abinci da motarsa, domin idan ƙwai ya mutu a hanya cikin dare, H4 yana daga cikin ƙwayayen da aka fi samu a ko'ina, tun fitowarsa a farkon shekarun 1970.

Idan kuwa fitilar taka da ma mai ɗaukar ƙwai ce, ka haska tocila ta cikin gilashin ka dubi kwanon. Sheƙin da ke jikinsa ɗan siririn shafe ne na alminiyam, kuma da zarar ruwa ya samu hanyar shiga sai ya fara dushewa, ya yi tabo-tabo, ya ɓare daga ƙasa, inda ruwan ke kwanciya. Ba a goge shi da tsumma, domin gogewar ma kankare shi take yi, kuma babu ƙwan da zai gyara kwanon da ya mutu. Sai dai a canja fitilar, kuma a canja biyun tare. Iri na uku shi ne mai fuskar roba maimakon gilashi, wadda rana ke dafawa har ta koma rawaya. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada irin waɗannan a 2018, ta gano cewa fitilar da fuskarta ta lalace tana ba da kashi 22 cikin 100 ne kacal na hasken sabuwa. A gwajin nan gogewa ta dawo da hasken zuwa wajen kashi 70, sababbin fitilun wasu kamfanoni suka kai kashi 83 zuwa 90, na ainihin kamfanin motar kuma suka dawo da shi cikakke. Gogewa tana da amfani ga wanda hannunsa bai kai ba, amma sai an shafa maganin kariya daga rana a bayanta, in ba haka ba robar za ta sake komawa rawaya cikin 'yan watanni.

Lokacin saye ka karanta abin da ke rubuce a jikin gilashin, kada ka tsaya ga kwali. Harafin E da lamba a cikin da'ira yana nuna an gwada fitilar bisa ƙa'idar da Turai da ƙasashe da dama suke bi, lambar kuma ita ce ƙasar da ta ba da izini, misali 1 Jamus ce, 2 Faransa, 4 Holan. Masu bin ƙa'idar Amurka suna ɗauke da DOT. Ana kwaikwayon waɗannan alamomi, shi ya sa sunan kamfani da amincin mai sayarwa suke da muhimmanci, kuma araha ba ta ado a wannan fanni. Akwai kuma wata kibiya da mutane ba sa kula da ita. Wutar kusa ba a miƙe take ba, tana ɗagawa ta gefen bakin hanya domin ta nuna maka mai tafiya a ƙasa da allon hanya, tana kwantawa ta gefen motoci masu zuwa. Fitila mai alamar E da ke da kibiya ɗaya mai nuna gefe guda an yi ta ne domin ƙasashen da ake tuƙi a hannun hagu, irin su Ingila, wadda babu kibiya ta masu tuƙi a hannun dama ce. Wanda ya sa ta wancan hannun zai riƙa watsa haske a idon masu zuwa, bakin hanyarsa kuma, inda lalatacciyar mota takan tsaya, ya zauna cikin duhu.

Yanzu maganar ƙanenka. Ba laifinsa ba ne, domin duk wanda ya tsaya a gaban motar da aka sa wa ƙwan LED zai rantse haskenta ya ninka. Matsalar ita ce an ƙera kwanon fitilar halojin ne a kan zare ɗaya ɗan ƙarami, mai tsawon 'yan milimitoci, wanda ke zaune a wuri ɗaya tak yana haske ta kowane gefe. A cikin H4 har wani ɗan murfin ƙarfe aka sa a ƙarƙashin zaren wutar kusa, shi ne ke yanke hasken ya hana shi tashi sama. Ƙwan LED kuwa ƙananan fale-falen haske ne manne a gefe biyu na wani allo mai kauri, siffarsu daban, mazauninsu daban. Sa shi a kwanon halojin kamar mutum ne ya ari tabarau ɗin da likita ya yanka wa wani: gilashin mai kyau ne, idon ma da sauransa, amma ba a yi su domin juna ba. Abin da yakan biyo baya shi ne haske fari tas a mita goman farko, da wani yana tashi sama cikin idon jama'a, can nesa kuma inda kake bukata babu ƙari, wani lokaci ma raguwa ake samu. Hasken kusa mai yawa yaudara ce, domin yana sa ƙwayar ido ta tsuke, sai ganin nesa ya ƙara raguwa alhali direba yana jin ya samu sauƙi har yana ƙara gudu. Lambobin lumen, wato ma'aunin yawan haske, da ake bugawa a kwali ma ba abin dogaro ba ne. H4 na ƙa'ida yana ba da lumen 1,000 a wutar kusa da 1,650 a wutar nesa, kuma fitila mai kyau tana haska hanya da wannan sarai, don haka idan ka ga kwali yana iƙirarin dubu goma-goma, ka tuna ba girin-girin ba, ta yi mai.

Hukumomi ma sun lura da wannan. A Birtaniya tun 2021 motar da aka cusa wa ƙwan LED a fitilar halojin tana iya faɗuwa a gwajin lafiyar mota na shekara. Jamus ta amince da wani ƙwan LED na Osram a 2020, amma ga jerin motocin da aka gwada shi a fitilunsu ɗaya bayan ɗaya kawai, wanda ke nuna cewa dacewar ƙwai da kwano ita ce maganar. Ka bincika abin da dokar inda kake ta tanada. Idan ranka yana son LED, hanyar da ta dace ita ce cikakkiyar fitilar LED wadda aka ƙera kwanonta da gilashinta domin LED tun farko. Kamfanoni irin su JW Speaker da Truck-Lite suna yin su a girman inci 7 da mai kusurwa huɗu, suna jan wuta kaɗan, suna daɗewa, haskensu kuma yana da kyau. Aibinsu tsada, da kuma cewa idan dutse ya fasa ɗaya, gaba ɗayanta za ka sake saye. Masu arahar da ke kama da su, masu zobe-zoben ado, ban ba ka shawarar ko kallonsu ba. Ƙwan zenon, mai haske da iskar gas maimakon zare, a kwanon halojin ya fi na LED muni wajen kashe ido, ba sai mun tsaya a kansa ba.

Shawarar abokin sana'arka ta wat 100 ita ce mafi haɗari ga motar kanta. H4 na ƙa'ida wat 60 ne a nesa, 55 a kusa, yana jan amfiya 4 zuwa 5. Mai wat 100 yana jan kusan 8, ta cikin wayar da ta riga ta gaji, sai ragin wutar ya ƙaru, soket ya narke, makunni ya ƙone, zafin kuma ya gasa kwanon. Abin da ya fi shi shi ne ƙwai mai wat na ƙa'ida daga Osram ko Philips, irin wanda aka matse zarensa domin ya ƙara kaifin haske, kamar Night Breaker ko X-tremeVision. Gaskiyar da ba a cika faɗa ba ita ce irin waɗannan ba sa daɗewa kamar na gama-gari, kuma bayan an sa rile wuta ta cika, kowane ƙwai kwanansa zai ɗan ragu. Ciniki ne da ya cancanta ga mai tafiyar dare, sai dai ka riƙa ajiye ƙwai ɗaya da fiyus a mota. Ka guji masu shuɗin gilashi, domin shuɗin fenti tace haske yake yi ya rage shi. Lambar Kelbin launi take nunawa ba ƙarfi ba: halojin yana wajen 3,200, mai 6,000 ya fi fari ne kawai, kuma ya fi damun ido a cikin hazo da ruwan sama. Ka tabbatar da lambar ƙwan kafin ka biya, domin wasu, kamar 9004 da 9007, suna kama da juna amma zarensu da haɗin wayarsu sun bambanta. Wajen sakawa kada yatsa ya taɓa gilashin ƙwan, maiƙon hannu yana rage masa kwana.

Duk abin da ka saya, aikin bai kammala ba sai an saita fitilun, kuma wannan za ka iya yi da kanka. Ka nemi fili mai lebur da bango a gabansa, bayan rana ta faɗi. A daidaita iskar tayoyi, wani mai kimanin nauyinka ya zauna a kujerar direba. Ka matso da motar daf da bango, ka auna tsayin tsakiyar kowace fitila daga ƙasa, ka sa alamar gicciye da alli a bangon daidai wurin. Sannan ka ja da baya a miƙe har mita 10, ka kunna wutar kusa, ka rufe fitila ɗaya da kwali kana duba ɗayar. Za ka ga layin da ya raba haske da duhu, a kwance ta gefe ɗaya, yana hawa ta ɗayan. Kwantaccen layin ya kamata ya sauka ƙasa da alamar allin. A jikin fitilu da yawa ko kusa da su akwai rubutu kamar 1.0% ko 1.2%, ma'anarsa santimita 10 ko 12 a nisan mita 10. A-kori-kura mai tsayi, wadda fitilunta suka haura mita 1 daga ƙasa, takan bukaci santimita 15 zuwa 20. Kusurwar da layin ya fara hawa kuma ta zo daidai ƙarƙashin giccen. Kowace fitila tana da sukurori biyu, ɗaya na sama da ƙasa, ɗaya na hagu da dama. A tsohuwar mota sukan cije da tsatsa, ko kuma robar da ke riƙe su ta karye har fitilar tana rawa a kan gargada, saboda haka ka zuba musu mai tun da rana, wanda ya karye kuma a canja shi tare da fitilar.

Sana'arka ta ƙara wani abu a nan. Idan aka loda bodi, bayan mota yakan zauna, hancinta ya ɗaga, fitilar da aka saita babu kaya sai ta koma haska rassan bishiya da idon direbobi. Tunda yawancin tafiyarka da lodi ce, ka yi saitin da irin nauyin da ka saba ɗauka, ko ka duba shi sau biyu, da kaya da babu, ka zaɓi wurin da ba zai tashi sama ba a kowane hali. Idan sifirin na baya sun saki, gyaransu yana cikin gyaran fitila. Ka kuma wanke gilashin gaba ta ciki, domin dattin da ke kwanciya a kansa yana watsa hasken masu zuwa. Idan bayan duk wannan har yanzu fitilun wasu suna kashe maka ido ka daɗe ba ka dawo daidai ba, ka je likitan ido ya duba ka, domin yanar ido takan fara nuna kanta da dare tun kafin a lura da ita da rana.

Ga yadda nake ganin ya kamata ka kashe kuɗin da ke hannunka. Awon wuta da tsabtace mahaɗai da sabon soket su ne farko, kuma su ne mafi sauƙi. Rile da waya su biyo baya idan awon ya nuna ragi. Bayan nan ka fita da dare ka gwada, domin mai yiwuwa ka tarar rabin matsalar ta tafi. Idan kwano ya mutu ko rufaffiyar fitila ce, ka sayi cikakkun fitilun H4 guda biyu na kamfanin kirki, da ƙwayaye masu wat na ƙa'ida, a saita su a daren da aka ɗaura su. Bayan mako ɗaya ka koma gaban bangon nan ka sake dubawa, domin sababbin fitilu sukan ɗan motsa a mazauninsu, haka kuma duk ranar da ka canja girman taya ko aka taɓa sifirin.